Yadda Ake Sauke Hornet a Kan Jirgin Ruwa a DCS World

Jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi na ajin Nimitz ya kai kusan mita 333 a tsawo, amma rabon matuƙin da ke son sauka a kansa ɗan kaɗan ne. A mafi yawansu wayoyi huɗu ne na ƙarfe aka shimfiɗa a ƙarshen doron, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar ƙafa 40. Cikin wannan ɗan fili ake so ƙugiyar da ke wutsiyar jirginka ta faɗa, kana tafe da gudun da ya haura kilomita 240 a sa'a, filin kuma yana tafiyarsa a kan teku bai jira ka ba. In ta kama, cikin kamar daƙiƙa biyu ka tsaya cik.

DCS World, manhajar kwaikwayon yaƙin sama ta kamfanin Eagle Dynamics, ta kwafi wannan aiki yadda ya kamata, musamman tun fitowar F/A-18C Hornet a 2018 da ƙarin Supercarrier a 2020, wanda ya zo da ma'aikatan doro da jami'in da ke sa ido kan kowace sauka yana ba ta daraja. Da Hornet zan yi bayani, don kwamfutarsa na riƙe maka abin da ka saita, kuma wannan babbar rahama ce ga sabon shiga. Mai tuƙa F-14 zai tarar ginshiƙin ɗaya ne, lambobi ne suka bambanta. Zan kuma tsaya kan saukar rana cikin sarari, wadda takardar bayanin aiki ke kira Case I, wato gajimare bai sauko ƙasa da ƙafa 3,000 ba, ido kuma yana kai mil 5. Ma'aunai su ne na cikin jirgin: ƙafa, mil na teku, da not. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a sa'a.

Ka riƙe wannan tun yanzu: mafi yawan saukar da ta ɓaci ta ɓaci ne tun minti guda kafin a zo kan doro, lokacin da matuƙi bai daidaita jirginsa ba.

Mataki na 1: Fara a tudu

Kada ranarka ta farko ta zama a sabar da mutane suka cika. Matuƙan sojan ruwan Amurka ma sai sun yi ta maimaita sauka a filin ƙasa kafin a bar su su kusanci jirgin ruwa. Ka ɗauki filin Batumi ko na Kobuleti a taswirar Kokeshiya da ke zuwa kyauta, ka riƙa zagaye kana taɓa titi kana tashi, kana nufin wuri guda kowane karo, ba tare da ɗaga hanci dab da ƙasa ba.

Bayan haka ka buɗe wurin tsara aiki ka ajiye jirgin ruwa, ko da Stennis ne wanda ba ya buƙatar Supercarrier. Ka fuskantar da shi ga iska, ka haɗa gudunsa da gudun iskar su ba da not 25 zuwa 30 a kan doro. Kar a manta da wannan. Jirgin ruwan da ke tsaye ba iska yana sa ka iso masa da sauri fiye da kima, ka koyi ɗabi'ar da ba za ta yi maka amfani ba a sabar. Ka ba shi tashar TACAN, wato siginar rediyon da za ta riƙa nuna maka inda yake, ka rubuta lambar.

Mataki na 2: Shirya jirgi tun daga nesa

Abu na farko nauyi. Hornet na sauka a kan jirgin ruwa da fam 33,000 ko ƙasa da haka, akwai kuma rangwame zuwa 34,000 bisa wasu sharuɗɗa. Ka duba nauyinka a shafin jerin dubawa na allon gabanka, in ya yi yawa ka zubar da mai, ka kuma tuna ka kashe makunnin zubarwar. Sai ka rufe makunnin makamai, ka kashe na'urar hana tayoyi santsi domin ta filin ƙasa ce, ka mayar da makunnin ƙugiya bangaren jirgin ruwa, ka sauke ƙugiyar. Ka sa tsayin da ke nunawa a gilashin HUD da ke gaban idonka ya zama na rada. Ka kama TACAN, ka ja layin alkibla daidai da inda jirgin ruwan ya dosa, wato BRC.

Duk wannan a gama shi tun kana mil 20 ko fiye. Kusa da jirgin ruwa ba lokacin neman makunni ba ne.

Mataki na 3: Yi sallama, ka bi layi

Ka kira jirgin ruwan a rediyo ka ce kana tafe. Za a ba ka BRC da saitin ma'aunin tsayi. A mil 10, da ka hango shi, ka sake sanarwa. In akwai masu jira, sai ka shiga da'irar jira: juyi ne ta hagu a saman jirgin ruwan, faɗinsa mil 5, gudu not 250, mafi ƙarancin tsayi ƙafa 2,000, kowane rukuni na sama da na ƙasansa da ƙafa 1,000. Na ƙasa shi ke fara sauka.

A sabar jama'a wannan mataki ya fi kowane nuna tarbiyyar matuƙi. Yawancin saba masu tsari suna amfani da manhajar rediyo ta SRS, ka shiga mitar jirgin ruwan ka saurara kafin ka yi magana. Wanda ya yanko kai tsaye daga baya ya tsallake layi yakan jawo a kori wani da ya fi shi ƙarancin mai. Ba na ganin uzuri ga wannan sai in jirginka ya samu rauni ko mai ya ƙare, kuma ko a nan sai ka faɗa a ji.

Mataki na 4: Shigowa da karya kwana

Ka zo ta bayan jirgin ruwan, mil 3 daga gare shi, tsayi ƙafa 800, gudu not 350, kana bin alkiblarsa, ka ɗan raɓa ta damansa yadda za ka leƙa ta hagu ka ga ko doron a buɗe yake. Ka wuce shi. Ƙwararru na karya kwana kusa da goshin jirgin ruwan, kai kuwa ka ba kanka mil ɗaya da rabi ko biyu, don ka samu lokacin shiri a dawowa. Ƙa'ida dai kada ka wuce mil 4.

Sai ka kwantar da fiffike hagu, ka mayar da totur baya gaba ɗaya, ka fitar da birkin iska, ka ja sanda. Akwai lissafi mai sauƙi: nauyin jan ya zama kashi ɗaya cikin ɗari na gudunka. A not 350 ka ja G 3.5, gudu na raguwa kana sassautawa. Juyin nan a miƙe yake, ƙafa 800 daga farko har ƙarshe. Da gudu ya sauko ƙasa da not 250, ka sauke tayoyi, ka sauke filaf har ƙarshe, ka mayar da birkin iska. Jirgin zai yi yunƙurin tashi sama yayin da filaf ke sauka, ka danne shi.

Mataki na 5: Tirim

A nan gizo ke saƙa. Ka fito daga juyi kana fuskantar kishiyar alkiblar jirgin ruwan, yana hagunka, tazarar gefe tsakaninku mil 1.1 zuwa 1.3. Ka sauko ƙafa 600. Cikin 'yan daƙiƙun da suka rage kafin ka zo daura da shi, aikinka guda ne: ka kai jirgin kusurwar da ake so fiffike ya riƙa karo da iska, wato digiri 8.1, ka kuma yi tirim har ya zauna a nan da kansa.

Me ya sa ake maganar kusurwa, ba a ce maka ka riƙe not kaza ba? Saboda gudun da ya dace yana canzawa da nauyi. Jirgi mai sauran mai da yawa na buƙatar gudu fiye da wanda ya kusa ƙarar da nasa, amma kusurwar ba ta canzawa. Ita ce kuma ke ajiye ƙugiya inda ya kamata. In hanci ya yi ƙasa, wutsiya ta ɗaga, ƙugiya ta tsallake wayoyi. In hanci ya yi sama da yawa, ƙugiya na iya cafke waya tayoyi ba su taɓa doro ba, sai a fyaɗa jirgin da ƙasa. Yawanci gudun zai faɗa wajen not 135 zuwa 140, amma kada ka bi lambar.

Abubuwa biyu ke nuna maka kusurwar. A hagun gilashin HUD akwai fitilu uku a jere: koriya a sama tana nufin ka yi sanyi, ja a ƙasa tana nufin ka yi sauri, zobe mai ruwan lemo a tsakiya shi ne daidai. A cikin gilashin kuma wata alama mai siffar harafin E za ta bayyana da zarar tayoyi sun sauka. Ana so ɗan da'irar nan mai fukafukai, wadda ke nuna inda jirgin ya dosa, ta tsaya daidai tsakiyarta.

Yadda ake yi: yayin da gudu ke raguwa ka riƙa danna tirim na ɗaga hanci, kaɗan-kaɗan, kana ƙaro totur tun kafin jirgin ya fara nitsewa, don injin jet ba ya amsawa nan take. Da zoben ya kama, ka saki sandar ka gani. In ya zauna, ka gama. In ya gudu, ka ƙara dannawa ko ka rage. Kada ka yarda da jirgin da sai ka riƙe shi da ƙarfin hannu yake zama daidai, domin da ka shiga kwana hankalinka ya rabu, zai kufce.

Daga wannan lokaci aikin hannuwanka ya sauya. Hannun hagu, mai totur, shi ke hawa da sauka. Hannun dama na karkata fiffike hagu da dama ne kawai. Wanda ya saba da faɗan sama zai ji abin bambaraƙwai, don can sanda ce komai. Sai ya yi haƙuri ya sake koya wa hannunsa.

Mataki na 6: Kwanar ƙarshe

Da ka zo daura da ƙarshen jirgin ruwan, a ƙafa 600, zobe na ci, ka kwantar da fiffike digiri 27 zuwa 30. Ka ƙara totur kaɗan kafin ka karkata, saboda karkata na rage ɗaukar fiffike. A rabin farko na kwanar idonka na kan ma'aunai, kana sauka ƙafa 200 zuwa 300 a minti. A tsakiyar kwana, jirgin ruwan na gabanka ta hagu, ana so ka kasance ƙafa 450 zuwa 500, saurin sauka ya ƙaru zuwa wajen 500 a minti. Yanzu ka fara leƙen jirgin ruwan. Za ka tsallake farin kumfar da yake bari a baya a wajen ƙafa 370.

Dole ka tsallake kumfar. Titin sauka ba ya bin tsawon jirgin ruwan, ya karkata digiri 9 zuwa hagu, don haka layin tsakiyarsa, in ka miƙa shi baya, yana dama da kumfar. Wanda ya miƙe a kan kumfa ya tsaya a hagun layi. Wannan karkataccen doro dabarar sojan ruwan Birtaniya ce ta farkon shekarun 1950, ana danganta ta da Dennis Cambell, kuma ita ce ta sa wanda ƙugiyarsa ba ta kama ba ke iya sake tashi maimakon ya afka wa jiragen da aka jera a gaba.

Lokacin da kake miƙar da fukafukai ka rage totur kaɗan, in ba haka ba za ka ga ka hau. Daga miƙewa zuwa taɓa doro daƙiƙa 15 zuwa 18 ake so. In ya fi haka ka yi nisa kafin ka juyo, kuma na bayanka zai cim maka.

Mataki na 7: Ƙwallo, layi, kusurwa

A gefen hagu na doron akwai na'urar fitilu. Jerin korayen fitilu a kwance, a tsakiyarsu wani haske mai ruwan lemo yana hawa yana sauka. Shi ake kira ƙwallo. In yana daidai da korayen, kana kan gangaren digiri 3.5 da zai kai ƙugiyarka tsakanin waya ta biyu da ta uku. In ya haye su, ka yi sama. In ya faɗa ƙasa, ka yi ƙasa, in kuwa ya koma ja, to ka yi ƙasa matuƙa. Asalin na'urar madubi ne da wani hafsan Birtaniya, Nicholas Goodhart, ya ƙirƙiro a wancan zamani. A kwamfuta ƙwallon na da wuyar gani daga nesa, shi ya sa Supercarrier ke fito maka da hotonsa a gefen allo. Ka yi amfani da shi, ba abin kunya ba ne.

Da ka gan shi sai ka sanar: lambar jirginka, sannan "Hornet ball", sannan sauran manka a dubban fam. Jami'in sauka zai amsa da "Roger ball". In ba ka ga ƙwallon ba, kalmar ita ce "Clara", sai ya yi maka jagora da baki.

Idonka yanzu na zagaye ne tsakanin abubuwa uku: ƙwallo, layin tsakiya, kusurwa, a sake komawa ƙwallo. Kada ka ƙura wa doron ido kana ƙiyasin inda za ka dira. Ido na yaudara a nan, yana gaya maka ka yi sama alhali kana daidai, sai ka rage totur ka nufi bangon bayan jirgin ruwan. Wanda ke kan gangare sosai ma ƙugiyarsa na wuce gefen doron ne da tazarar kamar ƙafa 14. Babu wurin ƙiyasi.

Gyaran totur sau uku ne a kowane karo. Ka ga ƙwallo ya ɗan sauka: ka ƙara totur ya fara hawa, ka rage don tsayar da shi kafin ya wuce, ka koma wurin da zai zauna. Kamar direban da ke riƙe mota a kan hawa da kuloci da totur ne, ƙafa ba ta tsayawa wuri guda, amma motsinta ƙanƙane ne. In hannunka na hagu ya daina motsi tsawon daƙiƙa biyu, ka riga ka makara. Kada kuma ka mayar da totur can baya gaba ɗaya, domin kafin injin ya farfaɗo ka nitse.

Masu wannan sana'a na da ƙa'idojin da suke haddacewa, kuma sun cancanci haddar. In ka yi ƙasa, ka gyara nan take, kada ka rage totur sai ƙwallon ya dawo daidai. In ka yi sama, ka sauko a hankali, ka maido da totur tun kafin ƙwallon ya iso tsakiya. In ka yi ƙasa kuma ka yi sanyi, fara da gyaran tsayi. In ka yi sama kuma ka yi sauri, fara da rage saurin. Dab da doro kuwa, in ƙwallo ya yi sama, ka tsayar da hawansa kawai, kada ka nemi maido shi tsakiya. Tsallake wayoyi ya fi dirowa da ƙarfi.

Layin tsakiya kullum yana zamewa dama, saboda jirgin ruwan na tafiya gaba titin kuma a karkace yake. Don haka za ka riƙa ɗan tsoma fiffiken dama kana miƙewa, kowane tsomawa da ɗan ƙarin totur. A farkon miƙewa yana taimakawa ka ɗora alamar alkiblarka a kusurwar da titin sauka ya haɗu da goshin jirgin ruwan ta dama, amma kada ta ɗauke maka hankali daga ƙwallo.

Saura abu guda: iskar da ta bugi hasumiya da jikin jirgin ruwan tana barin wani rami a bayansa. 'Yan daƙiƙu kafin doro za ka ji jirgin ya so nitsewa. Ka shirya masa da ɗan totur.

Mataki na 8: Dira

Ba a ɗaga hanci. Da kusurwar da ka zo da ita za ka bugi doron, kana sauka ƙafa 700 ko ɗan fiye a minti, kuma ƙafafun Hornet don haka aka ƙera su. Da tayoyi sun taɓa, ka tura totur zuwa cikakken ƙarfi, wanda bai kai ga kunna wutar baya ba, ko da kana da yaƙinin ka kama. Sai jirgin ya tsaya cik sannan ka janye.

In ƙugiya ta tsallake, za ka ji ana maimaita "Bolter". Totur na gaba dama, ka ɗaga hanci, ka hau, ka ɗan karkata dama ka bi BRC, ka kai ƙafa 600, ka duba masu shigowa, ka juyo hagu ka sake. In kuma jajayen fitilu sun haska aka kore ka tun kafin ka iso, ka ba da cikakken totur ka riƙe hanci inda yake. Kada ka finciko sanda, don wutsiya za ta sauka ƙugiya ta kama waya kana sama. Ba a jayayya da kora.

Mataki na 9: Bar wa na baya wuri

Wayar za ta ɗan ja ka baya. Ka ɗaga ƙugiya, ka naɗe fukafukai, ka kunna tuƙin tayar gaba, ka fice dama daga titin. Mai bin ka na nan tafe cikin kamar minti guda. A intanet akwai ƙarin dalilin hanzari da taka-tsantsan: jinkirin sadarwa kan sa jirgin wani ya bayyana inda ba nan yake ba, abin kuma ya fi damun mai shiga sabar Turai ko Amurka daga nesa. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da jiragen da ke doro, in layinka na yankewa kuma ka jira a sama ya daidaita. Karo guda a kan doro na iya lalata wa mutane da dama aikin da suka ɓata sa'a suna yi.

Mataki na 10: Karanta hukuncin jami'in sauka

Bayan ka tsaya za a nuna maka darajar saukarka da wayar da ka kama. A tsarin sojan ruwan Amurka, OK na da maki 4, saukar da ba ta da laifi sosai 3, tsallake waya 2.5, wadda aka ƙi ba daraja 2, mai haɗari kuwa sifili. Gajerun haruffan da ke biye suna faɗin kuskuren da wurin da ya faru: a farkon miƙewa, a tsakiya, kusa, ko a bakin doro. Waya ta uku ake nema. Ta ɗaya ita ce abar tsoro, don tana nufin ka wuce bakin doron da ƙyar. Saukar da aka bi ƙwallo da kyau ta ƙare a waya ta huɗu ta fi wadda aka dulmiyo aka cafke ta uku.

Ka adana rikodin tafiyar, ko ka buɗe ta a manhajar Tacview, ka duba wurare uku: tazararka da tsayinka lokacin da kake daura da jirgin ruwan, tsayinka a tsakiyar kwana, da ko zoben na ci a duka biyun. Kusan kullum a nan za ka samu tushen abin da ya bayyana a ƙarshe. Ka gyara abu guda a kowane zagaye. Ka ɗaga ƙugiya ka riƙa taɓa doro kana tashi, ta haka za ka yi zagaye da yawa cikin ɗan lokaci. Sai ka ga kana samun zoben ba tare da tunani ba, kana kuma kama waya sau da dama a jere, sannan ka shiga sabar jama'a. Saukar dare da ta mummunan yanayi, wato Case III, tsarinta dabam ne, da na'urori ake yin ta tun daga nesa, kada ka taɓa ta sai ta rana ta zauna maka.